Kawu Makanike da Notin da Ya Karye a Taraktar Baffa

Daga Allah muke, gare Shi kuma Kawu ya riga mu komawa. Allah Ya yalwata makwancinsa.

Kafin in faɗi komai a kansa, wajibi ne in bayyana inda na samo abin da za ni faɗa, domin surutun da ya biyo bayan rasuwarsa ya koya mini cewa "an ce" ba shaida ba ce. Lokacin da ya yi gyaran da ake taƙaddama a kansa ina kudu, ina bautar ƙasa, ban ga komai da idona ba. Na ji daga Inna, mahaifiyata, wadda ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, don haka mai karatu ya san inda zuciyarta take. Na ji daga matarsa. Na ji daga mai waldan da ke kusa da garejinsa a Sabon Birni. Na ji daga Baffa, yayan mahaifina marigayi, mai taraktar, wanda ke zaune a Isa, da ɗansa na fari wanda ke tuƙa ta, wanda nake kira Yaya. Inda bakinsu ya zo ɗaya na rubuta kai tsaye. Inda suka saɓa na faɗi wanda ya faɗa.

Shekarun Kawu ma ba a daidaita a kansu ba. Inna ta ce ya haura saba'in, matarsa ta ce bai kai ba, kuma babu takardar da za ta raba su. An yi gyaran ne a bazarar bana, bayan ƙaramar salla, kafin ruwan fari. Hatsarin da taraktar ta yi da Yaya ya auku da kaka, Kawu kuma ya cika kafin a gama sussukar gero. Wurin da taraktar ta faɗi, a hanyar Kurawa, ban je ba, saboda halin da hanyar take ciki.

Jana'izar kam ina wurin. Da aka idar da salla, liman ya juyo ya roƙi jama'a, duk wanda marigayi ya saɓa wa ya yafe masa. Sahu ya ɗauka baki ɗaya: "Mun yafe, duniya da lahira." Ina tsaye kafaɗa da kafaɗa da Baffa. Bakinsa bai motsa ba. Na gaya wa kaina wataƙila a zuci ya faɗa.

A zaman makoki na rabu da wannan zaton. Direbobin tarakta sun cika ƙofar gida, har da waɗanda suka tsallako daga Nijar, kowa na ba da labarin zagin da ya taɓa sha a bakin Kawu, ana dariya ana share ido. Sai Baffa ya sa hannu a aljihu, ya fito da wani ɗan ƙarfe mai kusurwa shida, ya ajiye shi a kan tabarma tsakanin buta da kwanon goro. Kan noti ne, ba jiki. A ƙarƙashinsa akwai busasshen gam.

"Ni ban ce komi ba," in ji shi. "Wanga dai shi anka ciro ga taraktata. Allah shi jiƙan musulmi."

Wani tsohon direba ya ce, "Alhaji, yau ba ranar wagga magana ba ta." Baffa ya mayar da ƙarfen aljihunsa. Amma kafin la'asar maganar ta shiga cikin gida wurin mata, kafin sadakar uku kuma ta isa kasuwa: wai Kawu ya karya noti, ya kasa fitar da guntun, ya liƙa kan da gam don a ga kamar lafiya, wannan ne ya jawo Yaya ya karya ƙafa.

Mutanen nan biyu su suka riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. A gidan Baffa nake cin tuwo idan na je Isa, Kawu kuma shi ke raka ni tasha duk komawa makaranta, yana bincikar tayoyin motar kafin ya bar ni in shiga. Idan zargin gaskiya ne, sunan da mutum ya gina tsawon rayuwarsa ya rushe a kan tabarmar makokinsa. Idan ƙarya ne, an zalunci wanda ba zai iya tashi ya kare kansa ba. Wannan ya sa na ɗauki alƙalami.

Ba za ni ce Kawu mutum ne mai sauƙin hali ba, domin wanda ya san shi zai rufe takardar nan. Bai yarda da kowa ba. Idan aka kawo masa sabon kaya a kwali, sai ya jefar da kwalin, ya sunsuni robar, ya lanƙwasa ta, ya dubi mai ita ya ce, "Wa yas sai maka wagga? Ku da shi kuna gaba?" Idan direba ya fara bayanin yadda inji ya lalace, sai ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "To, na ji taka. Bari in ji ta ƙarhe." Ba ya ba da aron sufana, ko ga liman. Bai kuma cire kansa daga zargin ba. Akwai benci a ƙarƙashin bishiyar bedi da ke garejinsa wanda ya tanada don mai abin hawa ya zauna ya sa ido.

"Zamna ka gani," yake cewa. "Makanike ɓarawo na sai an tabbatar da akasin haka. Ni ma kak ka yarda da ni."

Matarsa ta ba ni labarin wata tsohuwa maƙwabciyarsu mai injin niƙa, wadda 'ya'yanta suka watse neman abinci. Duk lokacin da injin ya tsaya, Kawu zai shiga da kayan aiki ba tare da an kira shi ba, ya gyara, yana faɗa tun daga zaure cewa da gangan take zuba masa tsakuwa don ta wahalar da shi. Tsohuwar na ramawa da "baƙin Bagobiri mai hannun gawayi." Matarsa ta ce faɗan dabara ce, don kada tsohuwar ta sami zarafin yin godiya. Wannan fassararta ce. Shi bai taɓa faɗin haka ba.

Abin da aka fi saninsa da shi daga Isa har bakin iyaka shi ne fitar da karyayyen noti. A nan muna kiran duka biyun noti, amma shi yana rarrabewa: namiji shi ne dogon mai kai, mace ita ce zoben da ake murɗa masa. Idan namiji ya karye, guntunsa ya maƙale cikin rami, yawancin makanikai huda shi suke yi da injin huji su markaɗe shi, wani lokaci su ɓata ramin. Kawu yana kiran wannan aikin mahauta. Shi sai ya jiƙa guntun da kananzir, ya ƙwanƙwasa shi a hankali da ƙaramar guduma, ya bar shi ya kwana. Washegari ya ɗora mace a kan guntun, ya sa a cika tsakiyarta da walda har su zama jiki ɗaya, ya jira ya huce. Sannan ya sa sufana, ya ɗan matsa gaba, ya ɗan dawo baya, kamar mai lallashin jaki a bakin gulbi, har tsatsa ta saki.

Idan guntun ya fito, ba ya jefar da shi. Sai ya damƙa wa wanda ya zo ɗaukar abin hawa a tafin hannu, ya ce, "Ga gawarka, tahi da ita." Wannan ita ce shaidarsa cewa ramin ya tsarkaka. Ya tsani abu guda fiye da kayan jabu: zura bututun ƙarfe a kan sufana don ƙara ƙarfin ɗauri. "Noti ba ɓarawo ba na," yake cewa, "bar ɗaure shi awa ka kama shi cikin rumbu."

A kan bututun ne suka taɓa yin rigima da Baffa, su da suka tashi tare tun suna yara. Kawu ya ga bututun a ƙarƙashin kujerar taraktar, ya ɗauke ya cilla shi bayan katanga, ya ce wa Baffa ɗansa zai kashe masa dukiya da ƙarfin tuwo. Baffa ya ce ba a yi wa ɗansa faɗa a gaban jama'a. Suka yi damina guda ba sa ga maciji. Mai walda ya ce Yaya ya zagaya ya ɗauko bututunsa tun a ranar.

Yanzu ga gyaran. Mai yana tsiyaya daga tayar baya ta hagu. A cikin wurin akwai sil, zoben roba mai bakin ƙarfe wanda ke hana man giya bin aksil, sandar da ke juya taya, ya sauka a kan birki. Kafin a kai gare shi sai an ɗaga taraktar, an cire taya, an kwance marfin ƙarfen da ke riƙe da shi da boris. Wajen kwance marfin ne noti guda ya karye. Wannan ba a musu a kansa, domin Baffa na zaune a benci lokacin. Ya ce Kawu ya ɗauki kan notin, ya duba karayar, ya ce, "Wanga ba yau yaf fara mutuwa ba, an daɗe ana shaƙe shi." Baffa ya tashi ya kama hanyar Isa don kada yamma ta same shi a hanya. Abin da ya biyo baya bai gani ba. Yaya ne ya zo ya ɗauki taraktar da aka gama.

Ta yi aikin damina duka. Da kaka, tana janye da tirela cike da damman gero, a wani gangare Yaya ya taka birki, tayar dama ta kama, ta hagu ta ƙi. Taraktar ta juya ta faɗa kwari da shi. An yi ɗori, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Lokacin Kawu yana kwance, ciwon da ya tafi da shi ya riga ya kama shi, don haka Baffa ya kira wani makanike daga tsallaken iyaka. Shi ne ya ga mai ya jiƙa birkin hagu, ya sa sufana a kan notin marfin, guda ɗaya ya faɗo masa a hannu, kai kawai, da gam. Guntun yana cikin rami. Ya huda shi, ya markaɗe shi, ya share garin ƙarfen.

Raɗe-raɗin ya kai kunnen Inna tun a lokacin, ta hana a gaya wa Kawu. Matarsa ta ce duk da haka ya ji, domin masu dubiya ba su iya riƙe baki ba. Ta ce bai rantse ba, bai kuma yi fushi ba. Cewa kawai ya yi, "A kawo man guntun in gani." Da aka ce an markaɗe shi, ya juya fuska bango ya ce, "Mahauta." Bai sake tayar da maganar ba.

Amana ta sa dole in rubuta abin da ba ya taimakon Kawu. Mai walda ya ce a shekarar nan hannunsa ya fara rawa, idonsa kuma ya rage, har yakan nemi a karanta masa lambar sufana, ya fake da cewa maiko ne ya rufe ta. Ya ce ya tuna ya yi masa waldar mace a kan guntu a bazarar, amma taraktoci suna da yawa a lokacin, ba zai rantse ta Baffa ce ba. Na tambaye shi ko Kawu na ajiye gam a gareji. Ya ce, "Wane gareji na babu gam?" Na kuma san Kawu mutum ne mai girman kai a kan sana'arsa. Mutumin da duk gari ke cewa noti bai taɓa gagararsa ba, ranar da ya gagare shi, ga tsufa, ga ba kowa a benci, me zai yi? Na yi wa kaina wannan tambaya, ban ji daɗinta ba.

Bayan sadakar bakwai na tafi Isa duba Yaya. Da azahar na je bakin rijiyar gidan don in ja ruwan alwala. Gugar ta roba ce, irin wadda sai an ɗaura mata nauyi a gefe kafin ta kife ta nutse. Da na jawo ta, nauyin ya bugi bakin rijiya. Guntun noti ne, da mace a kansa, tsakiyarta cike da walda, an ɗaure shi da waya.

Matar Yaya na wanke-wanke a gefe. Na ce, "Wanga ƙarhe hwa, ina kunka samo shi?"

"Yayanka yak kawo shi," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba. "Ranar da yad ɗauko tarakta daga wurin Kawunku, kahin ruwa. Yac ce tsohon ya ba shi gawa, in ɗaura ma guga. Dutsin da ke jiki dā ya hwaɗa ciki."

Na sake tambayarta ko ta tabbata bana ne, ba wata shekara ba. Ta ce goyon da ke bayanta bai yi arba'in ba a lokacin, a kan wannan ba ta ɓata lissafi. Sai a sannan ta dube ni, ta ce, "Lahiya?"

Abin da guntun nan ya tabbatar shi ne Kawu ya fitar da noti na farko, ya kuma ba da shaidarsa kamar yadda ya saba. Ke nan wanda aka samu a karye da kaka noti na biyu ne, sabon da aka sa a madadinsa. Abin da bai tabbatar ba shi ne hannun da ya karya na biyun. Yana yiwuwa Kawu ne wajen ɗauri, da hannu mai rawa, bayan guntun farko ya riga ya fito. Yana yiwuwa wani ne daga baya, a gona, da ya ga alamar mai ya ce bari ya ƙara matsewa.

Na sami Yaya a zaure, ya miƙe ƙafar a kan buhu. Na kwance guntun na ajiye a gabansa.

"Ɗan boko," ya ce, "yanzu rijiyoyin mutane kaka bi?"

"Yaya, tambaya ɗaya gare ni. Bayan ka baro gareji, ka taɓa sa sufana ga marhin nan?"

"Direba na ni. Kullum sai na sa sufana ga wani abu."

"Da bututu?"

Ya buga tafin hannunsa a kan ƙafar. "Ka ga wagga? Da ita za ni shiga kabari. Ko wa yay yi, ni nib biya. Mi kaka so kuma, in ba ka ɗayar?"

Ban ƙara ba. Wannan ba amsa laifi ba ne, ba kuma musu ba ne, na rubuta shi yadda ya faɗa. Bututun kuwa na gan shi jingine a bayan ƙofar zauren, amma bututu a gidan mai tarakta ba laifi ba ne.

Na kai wa Baffa guntun, na gaya masa inda na samo shi da abin da surukarsa ta ce. Ya fito da kan notin nan daga aljihu, ya jera su a tafin hannu. Ya ce, "Wanga bai wanke shi ba." Na ce haka ne, Baffa, amma bai bar zargin a kansa shi kaɗai ba. Ya dubi wajen zauren da ɗansa yake zaune. Ya rufe hannunsa, ya ce in tashi in yi salla, lokaci na wucewa.

Ranar sadakar arba'in Baffa ya zo Sabon Birni. Bayan an shafa fatiha ya ce in yi masa sallama cikin gida. Inna tana ɗakin matar Kawu, labule a sake. Tun da aka kawo Inna gidanmu amarya, ban taɓa jin an ce ta ɗaga murya a gaban Baffa ba. Yayan miji ne, gaisuwa ma a durƙushe take yi masa, ido a ƙasa. Ya tsaya daga waje, suka gaisa, ya yi addu'a. Sannan ya gyara murya.

"Na zo in hwaɗi abin da ban hwaɗi ba ranar jana'iza. Na yahe mai. Duniya da lahira."

Matar Kawu ta fashe da kuka, ta ce Allah Ya saka da alheri. Ni ma na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Sai muryar Inna ta fito daga bayan labule, a hankali, ba rawa a cikinta.

"Alhaji, mun gode da tattaki. Amma mi kay yahe mai?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Wanda yay yi laihi aka yahe ma. In ka san ya yi, hwaɗi ka sani, mu roƙa mai gahara. In ba ka sani ba, ba yahiya muka biɗa ba. Ka koma kan tabarmar da ka aje ƙarhen nan, gaban mutanen da sunka gani, ka ce ba ka sani ba."

Na ga hannun Baffa ya shiga aljihu ya tsaya a can. Tabarmar na shimfiɗe a ƙofar gida, direbobin na zaune a kai suna jiran gumba. Idan ya ce bai sani ba, kowa a wurin zai tambayi kansa wa ya rage, kuma kowa ya san wanda ke tuƙa taraktar. Ya ce, "Allah shi ba mu haƙuri." Ya fita, ya wuce ta gefen tabarmar, ya yi sallama da jama'a, ya hau bayan babur.

Guntun farko yana wurina. Kan na biyu yana aljihun Baffa, jikinsa kuma ya zama gari a ƙasar wani gareji. Mutum biyu ne suka san gaskiya: ɗaya yana kabari, ɗaya yana zaure da ƙafa a kan buhu. Ina son in rufe da cewa Kawu ya barranta, amma mutumin da ya ajiye benci don a sa masa ido ba zai karɓi wankewar da ba ta da shaida ba, ko daga ɗan ƙanwarsa. Allah Ya gafarta masa abin da muka sani da abin da ba mu sani ba.

Har yau ban san amsar ba: wane ne ya karya noti na biyu, ya liƙa kansa da gam?